Gimbiyar Mai Lofe

Idan na ji ana cewa Turawa ba su da tausayi, nakan ce ba haka ba ne. Suna da shi, na gani da idona. Na ga tsoho ya yi hawaye saboda ƙarfe.

Sunana Lawal, mutumin Daudawa ta ƙasar Faskari. A shekarun da kuɗin mai ya fashe, gwamnati na ɗibar samari tana turawa waje karatu, sai sunana ya fito cikin waɗanda za su Ingila koyon gyaran kan jirgin ƙasa mai dizal. Lokacin ina ƙaramin makanike a loko ta Zariya, inda ake gyaran kawunan jirgi. Ina da mata, Hajara 'yar Mabai, da ɗiya guda da ba ta fara tafiya ba. Kowa na cewa zamanin jirgi mai gawayi ya ƙare, wanda ya iya dizal shi zai ci abinci. Ba sha'awar Ingila ta kai ni ba. Ni ne babba a gidanmu, bakuna da yawa suna kallona.

Zangona na farko London. An ce wani zai tarye ni daga ofishin da ke kula da mu, ban ga kowa ba. Ina tsaye ina rawar sanyi sai ga wani baƙin mutum cikin kwat mai kyau, ya ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa. Kai ne na jirgin ƙasa ko? Ni aka aiko." Da Hausa ya faɗa. Ban tambaye shi suna ba, don ban ga dalili ba. Ya ɗauki akwatina ya ce in jira shi nan ya juyo da mota. Har yau yana juyowa.

Cikin akwatin nan akwai rigunan sanyin da na saya a Kaduna, da kilishi, da yaji, da daddawar da Inna ta kwana biyu tana haɗawa, da bargon Baba. Abin da ya rage mini jakar hannu ce, takarduna a ciki da babbar riga ɗaya. Da na lalubi ofishin namu washegari, jami'in da na tarar, ɗan ƙasarmu, sai da ya gama dariya ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa labarin. Ya ce, "Ku mutanen ƙauye, kowa ya yi muku sallama sai ku miƙa masa kaya." Bai ce me ya hana su zuwa taryata ba. Ya ba ni tikitin jirgi zuwa arewa, ya nuna mini ƙofa da biro.

Zango na biyu wani gari ne a arewacin ƙasar, inda kwalejin take. Gidajen duk baƙaƙe saboda tsohon hayaƙi, sama kullum kamar an jiƙa toka. Kwalejin ba ta da ɗakin kwana, sai mutum ya nemi haya. Nakan ga kwali a taga an rubuta akwai ɗaki, in ƙwanƙwasa, a buɗe, a dubi fuskata, a ce yanzun nan aka kama. In na waiwayo daga ƙarshen layi kwalin na nan inda yake. Wata mata ko magana ba ta yi ba, ta dai mai da ƙofa a hankali kamar mai gudun tada jariri. Na yi kwanaki a wani masaukin matafiya mai warin giya, ina salla a tsakanin gado da bango.

Wata ma'aikaciyar kwalejin ce ta ji tausayina. Ta ce akwai wani dattijo, Mista Barlo, ya yi aiki a ƙasarku shekara da shekaru, matarsa ta rasu, yana da ɗaki, kuma yana son mutanenku ƙwarai.

Da ya buɗe ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, sai ya ce, "Sannu, yaro. Ina gajiya? Shigo maza, akwai sanyi."

Na manta cewa Hausa ce ta raba ni da akwatina. Na shiga ina godiya kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Sai da na yi mako a gidan na lura da irin Hausar tasa. Kawo, ɗauke, bari, maza, zo nan. Babu don Allah a cikinta, babu na gode. Ya sauƙaƙa mini haya, ya ce sai dai in riƙa ɗan taimaka masa. Taimakon ya fara da ɗebo gawayi daga bayan gida, ya koma hura wuta da safe, ya koma goge takalma. Na gaya masa sunana ya fi a ƙirga, amma yaro nake, ni da nake da iyali. Ya kuma ce in ya kira ni in riƙa amsawa da ranka ya daɗe, wai yana tuna masa da kwanakin daɗi. Na haɗiye. Ɗakin akwai ɗumi, kuma na san abin da ke waje.

Ran wata Lahadi ya ce in biyo shi sama ya nuna mini abin da ba kowa yake nuna wa ba. Muka hau wani matsattsen tsani zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Ya kunna fitila.

Ƙasarmu ce shimfiɗe a kan katako, daga bango zuwa bango. Jar ƙasa, kukoki da aka murɗa da waya, rumbuna, dilolin auduga jere a bakin tasha, duwatsu irin namu. Ga layin dogo siriri ya ratsa ta tsakiya, ga ƙaramin allo an rubuta Funtuwa. Ga kuma mutane baƙaƙe, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, wasu da kaya a ka, wasu a durƙushe. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Na ji ƙanshin gida a ɗakin da babu komai sai warin fenti.

Ya buɗe wani akwatin gilashi ya ciro kan jirgi baƙi, tsawonsa kamar tafin hannu biyu, ya ɗora a kan layin. Ya murɗa wani maɓalli, lantarki ya ja shi, ya fara tafiya yana fitar da ɗan hayaƙi.

Ya ce, "Wannan ita ce Gimbiya. Da hannuna na ƙera ta, kowace ƙusa a inda take a jikin ta gaskiya. Na ga kawunan jirgi a ƙasashe da yawa, yaro, babu kamarta. Daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ya nuna mini hoto a bango, shi ne yana saurayi da gajeren wando, lofe a baki, hannunsa a jikin babbar Gimbiya ta gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Mutanenku Mai Lofe suke kirana."

Na dafa bango.

A gidanmu an san sunan nan. Babana, Malam Ɗanjuma, fayaman ne a wannan layin, wato mai zuba wa inji gawayi da shebur. A kan wannan kan jirgin ya yi aiki. Ma'aikata Guzuma suke ce mata, Inna kuwa ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Mayya. Wata shekara da kakar auduga, Baba da direbansa suka ce wani bututun tururi yana yoyo, a bar ta a loko a duba. Baturen da ke kan loko ya ce kaya na jira a Gusau, za ta je ta dawo, sannan a duba. Sun wuce Funtuwa kaɗan bututun ya fashe. Tururin ya dafa hannun daman Baba tun daga kafaɗa. A asibiti aka yanke shi. Aka sallame shi daga aiki, ya komo Daudawa da hannun riga ɗaya yana lilo. Ina ɗan ƙarami lokacin. Na riƙe garma tun ban kai ta tsawo ba, na ga Baba yana koyon cin tuwo da hagu yana juya mana baya don kunya. Shi bai taɓa ba mu labarin ba. Inna ce take faɗa, kuma kullum da sunan Baturen take rufewa. Mai Lofe.

Da muka sauko na ce masa, "Ni mutumin Daudawa ne. Sunan mahaifina Ɗanjuma, ya yi aikin reluwe." Ina kallon idonsa.

Ya ce, "Madalla. Ɗanjuma da yawa. Sa ruwan shayi."

Na so in bar gidan ran nan. Amma hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe titi, rigar sanyina ɗaya ce da na saya a gwanjo. Na zauna. Kullum da safe ina durƙushe ina zuba gawayi a murhun Mai Lofe da ƙaramin shebur, ɗan Ɗanjuma, ina jin kamar in zuba wa gidan duka. A aji malami na bayanin famfon mai, ni ina ganin hannun rigar Baba. Na rame. Ga kewar gida, ga dankalin da ake dafawa ba gishiri ba yaji, ga wannan abu da na haɗiye.

Duk Asabar da rana abokansa sukan zo. Ƙungiya ce da su ta masoya jirgi mai gawayi, tsofaffi ne duka: wani tsohon malamin makaranta, wani mai kantin magani, wani da ya yi aikin banki, da wasu. Kowa ya zo da nasa ƙaramin kan jirgin a naɗe cikin ƙyalle kamar jinjiri. Su hau sama su yi ta musu. Malamin makarantar ya ce babu kamar wata koriya mai jan jirgin fasinja zuwa Sikotlan, wadda gabanta yake a sulɓe kamar kifi. Mai magani ya ce wannan ado ce kawai, shi baƙar nan mai jan gawayi daga mahaƙa ita ce jaruma. Na banki yana son wata 'yar ƙarama mai dogon bututun hayaƙi, har muryarsa takan karye in yana maganarta. Suna da faifan garmaho da babu waƙa a ciki, sai kukan jirgi yana hawan tudu. Su sa, su rufe ido, su yi tsit kamar ana wa'azi. In an ambaci cewa an kai wata an yanka ta an sayar da ƙarfen, sai ka ga ana ciro hankici.

Dizal kuwa sun tsane shi. Da suka ji abin da nake koyo sai suka riƙa kirana abokin gaba, suna dariya. Aikina ran Asabar shi ne in sa babbar rigata in hau da tiren shayi. Mista Barlo ne ya ce in riƙa sa ta. Yakan ce da su, "Ku dube shi, kamar yanzu ya fito daga cikin teburin."

Mutum ɗaya ne ba ya dariya. Sunansa Tam, wani gajeren tsoho mai tari, wanda yakan zauna kusa da bututun ɗumama ɗaki. Ba ya zuwa da jirgi, ba ya shiga musu. Bayan hannuwansa duk tabon ƙuna ne, fari-fari. Shi kaɗai yake cewa na gode in na miƙa masa kofi, shi kaɗai kuma ya tambayi sunana ya riƙe. Daga baya na ji cewa fayaman ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban wuta.

Ana nan sai lokacin bajekolinsu na shekara ya matso, wanda suke yi a babban zauren gari, kowace ƙungiya ta kawo teburinta jama'a su biya su kalla. Mista Barlo ya ce bana Funtuwa za ta ci kyauta, don yana da abin da babu wanda yake da shi. Ya ciro wani gajeren wando da tsohuwar singileti da shebur, ya ce ran nan zan tsaya kusa da teburin a matsayin fayaman ɗin Gimbiya, a shafa mini ɗan baƙi a goshi. Ya ɗauka na yarda, don bai saba jiran amsa ba.

Asabar ɗin da ta zo kafin bajekolin, suna sama ana gwaji, na hau da shayi na tarar yana ba su labari. Da Turanci yake yi, amma zuwa lokacin kunnena ya buɗe.

Yana cewa, "Rana mafi muni a rayuwata. Kakar auduga ce, Gimbiya ta wuce Funtuwa kaɗan, bututu ya fashe mata. Da aka jawo ta loko na ga yadda cikinta ya yi, sai da na shiga ofis na rufe ƙofa. Wata da watanni tana kwance muna jiran kayan gyara daga nan. Na ɗauka ba za ta tashi ba." Ya cire tabarau ya share ido. Mai magani ya dafa kafaɗarsa.

Na ajiye tiren. Na ce, "Mutumin da ke ciki fa?"

Suka juyo duka, don ba su saba jin muryata ba.

Ya ce, "Wane mutum?"

"Fayaman ɗin."

Ya ɗan yi tunani. Ya ce, "Ina jin wani ya ji rauni, haka ne. An kai shi asibiti. Ana kula da su sosai, ka sani."

Na ce, "An yanke masa hannu. Ya gaya maka bututun na yoyo, ka ce ta je ta dawo. Sunansa Ɗanjuma. Ubana ne."

Na sha kwatanta wannan lokacin a raina ina hura masa wuta. Na zaci zai musa, ko ya yi fushi, ko ya sunkuyar da kai. Na shirya wa kowanne. Abin da ya yi ban shirya masa ba. Fuskarsa ta washe. Ya tafa hannu ya juya ga abokansa ya ce, "Kun ji? Ɗan fayaman ɗin Gimbiya na gaskiya, a cikin gidana. Wa zai yarda da wannan? Dole a rubuta a kwali a kafa a gaban teburin." Na banki ya ce abin mamaki ne ƙwarai, ya fara laluben kyamararsa.

Ban san lokacin da na ɗauke Gimbiya daga kan layin ba. Na ji ta a hannuna, da nauyi, da ɗan ɗumi. Na ɗaga ta sama da kaina. Mista Barlo ya miƙo hannu biyu yana cewa a'a, a'a, da wata murya siririya, hawaye na bin kumatunsa. Ga tausayin nan da nake nema, ya fito, amma ba Baba aka yi wa ba.

Sai Tam ya yi magana daga inda yake zaune, bai ko tashi ba. Ya ce, "Lawal. Ajiye ta, ɗana. Za su ɗaure ka a kan abin wasa, kuma babu jaridar da za ta rubuta sunan babanka."

Na tuna Hajara da yarinyar. Na sauke ta na ajiye a kan layin. Amma a cikin ɗan ɗakin direban akwai mutum-mutumi biyu, ɗaya riƙe da shebur. Na sa farce na ciro shi. Na kama hannunsa na dama na karya, ya yi ƙara kamar tsinken ashana. Na mai da shi wurinsa.

Na ce, "Kun ce kuna son komai ya zama daidai da na gaskiya. Yanzu ya zama."

Babu wanda ya ji kunya, kada wani ya zaci haka. Malamin makarantar ya ce wannan dabbanci ne. Mai magani ya durƙusa yana neman guntun hannun a ƙasa. Mista Barlo ya rungume Gimbiya a ƙirji, ya ce da ni da Hausa, "Fita. Maza."

Kafin la'asar ina kan titi da jakata, ruwa da ƙanƙara na zuba tare. Ban yi nisa ba na ji tari a bayana. Tam ne, yana jan ƙafa. Ya ce ƙanwarsa tana da ɗaki a bayan tashar kaya, ba shi da kyau amma ba ya yoyo. Da muka isa ta dube ni, ta dube shi, ya ce mata, "Babansa fayaman ne." Ta matsa ta ba ni hanya. Ba ta ƙara tambayar komai ba. Ta ba ni rigar sanyin mijinta da ya rasu, kuma tun daga ran nan ta daina sa naman alade a tukunyar gidan ba tare da na roƙa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Mista Barlo ya kai ƙara kwaleji cewa na yi masa ɓarna na kuma tsorata shi a gidansa. Kwalejin ta sanar da ofishinmu na London. Jami'in nan da ya yi mini dariya ya kira ni a waya. Bai bari na kai ƙarshen bayanina ba. Ya ce, "Karatu aka tura ka ko ramuwa? Mutum ya ba ka ɗaki ka saka masa da haka? Kuna ɓata mana suna. Ko ka je ka ba shi haƙuri, ko mu sa ka a jirgi makon nan, ka je ka yi wa gwamnati bayani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun ubana fa?"

Ya ce, "Wannan tsohon zance ne. Yanzu mun sami 'yanci."

Tam ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya je wurin shugaban kwalejin ya ce yana wurin aka yi abin, abin da aka karya bai kai tsinke ba. Aka saurare shi da ladabi, aka raka shi ƙofa. Hukuncin bai canza ba.

Na je. Wannan ita ce tafiya mafi tsawo da na yi a ƙasar, kuma layi uku ne kawai tsakani. Na ƙwanƙwasa, ya buɗe. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, da Turanci, don na rantse ba zan ba shi haƙuri da harshen Baba ba. Ya saurara yana gyaɗa kai. Har ya yi murmushi.

Ya ce, "Ba komai, yaro, ya wuce. Mun sami hannun a ƙarƙashin tebur. Na liƙa masa da gam, ya koma kamar da. Ko alama babu."

Na juya na tafi.

Sauran zamana a gidan ƙanwar Tam na yi shi. Na sa kaina cikin karatu kamar mai haƙa rami. Da yamma in na dawo nakan tarar da Tam a kicin yana tari, mu sha shayi. Ran nan na tambaye shi me yake kai shi cikin mutanen nan. Ya ce ɗakin akwai ɗumi, kuma akwai biskit. Na ce to shi wace ce tasa a cikin kawunan jirgin, tunda kowa na da gwana. Ya juya hannuwansa yana kallo. Ya ce, "Waɗanda suke son su daga kan dandamali suka gan su. Ni daga ciki na gan su." Can ya ƙara da cewa, "Amma akwai wata da na yi shekaru a kanta. In na yi mafarki, ita nake gani." Na ji haushin wannan magana, na ce a raina tsufa ne.

Na ci jarrabawa na dawo gida da takardata. Ban tsaya Zariya ba, na wuce Daudawa. Bayan an watse daga gaishe-gaishe na sami Baba a zaure yana murza igiya, ya danne bakinta da yatsan ƙafa yana aiki da hagu. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana. Na zauna a ƙasa na ba shi labarin duka, ban rage komai ba, har da haƙurin da na bayar. Ina magana muryata na hawa, shi yana murza igiyarsa.

Da na gama ya ce, "Mai Lofe shina nan da rai ashe."

"Yana nan, Baba."

"Ya tuna da ni?"

Na so in yi masa ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Bai tuna ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ai ba ya tunawa. Ko lokacin bai san sunan kowa ba." Ya ɗan ja igiyar ya gwada ƙarfinta. Sai ya ce, "Ita hwa?"

"Wa?"

"Guzuma. Kai da kake loko. An yanka ta?"

Na ce na bar ta can bayan loko cikin waɗanda aka jingine, ciyawa ta fito mata, ana jiran masu sayen ƙarfe.

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Kai, ka kai ni in gan ta kahin su zo."

Na ce, "Baba, ita ce fa ta cinye maka hannu."

Ya ce, "Ba ita ta ce a hita da ita ba. Ta yi ta gaya muna ba ta da lahiya." Ya dubi ƙofar zaure. "Ba ka taɓa jin ta tana hawan tudu da kaya cike ba. In na ba ta wuta daidai, har cikin haƙarƙarina nike jin ta."

Inna da ta ji ta ce in na kai shi ba da yawunta ba. Na kai shi duk da haka, ran wata kasuwar Funtuwa, muka shiga mota zuwa Zariya. A bayan loko suna jere sun fi goma, duk sun yi tsatsa, awaki na kiwo a ƙarƙashinsu. Ban nuna masa ba, shi ya wuce kai tsaye wurinta. Ya zagaya ta a hankali. Ya ce in ɗaga shi, na ɗaga shi ya hau ɗakin direba, ya tsaya a gefen da yake tsayawa da. Ya leƙa bakin murhun da ya yi sanyi, ya cire wata sheƙar tsuntsu ya ajiye gefe. Sannan ya ɗora tafin hagunsa a jikin ƙarfen, ya bar shi nan, leɓunansa na motsi. Ban san ko addu'a yake ba ko magana yake da ita.

Ya leƙo ya ce, "Hawo ka gani."

Na ce, "Ina nan, Baba."

Na tsaya a ƙasa cikin rana, hannuwana a aljihu, har ya gama. Shi da aka yi wa abin ya sami inda zai ajiye nasa ciwon. Ni na je har Ingila na dawo da nawa, kuma har yau ban sami wanda zai karɓa ba.